Ranar da Tarfa Ta Raka Baƙi

Kawu Muflih yayan mahaifiyata ne, kuma a kogo aka haife shi, kamar duk wani ɗan ƙabilarmu ta Bidul da ya kai shekarunsa. Kogonsu yana can ƙasan tsohon birnin Batra, bayan manyan kaburburan nan masu ginshiƙai da mutanen dā suka sassaƙa, inda hanya ke gangarawa kwarin Siyyag. Ɗaki biyu ne a cikin jan dutse, ɗaya na mutane, ɗaya na awaki, rufin ya yi baƙi ƙirin da hayaƙin girkin kakata Rif'a. A can ya yi wayo, a can ya yi aure, har aka haifa masa 'ya'ya biyu kafin gwamnati ta kwashe mu zuwa gidajen bulo na Ummu Saihun, a kan tudu.

Ni da na tashi, jakuna biyu na tarar yana da su, yana kai baƙi 'yan yawon buɗe ido Dair, can ƙololuwar dutse, matakala ɗari takwas da wani abu. Gajere ne siriri, ga kwalli raɗau a ido, ga jan rawani da ba ya sauka daga kansa ko a cikin ɗaki. Ba shi da yawan magana. Turancinsa ma na jaki ne kawai: zauna, riƙe nan, kada ka ji tsoro. Amma abin da kowa ya san shi da shi, kallon sama. Kafin ya amsa maka gaisuwar safe ya riga ya ɗaga kai ya dubi gabas, wajen duwatsun Shara, inda ruwanmu ke fitowa. In lokacin sanyi ne ya hango gajimare ko da bai wuce tafin hannu ba, to ranar babu aiki, kuma a gidansa ba mai leƙa kwari. 'Ya'yansa mata huɗu, Salma da ƙannenta, babu wadda ta taɓa fita kiwo. Matarsa Wadha ta yi mita har ta gaji, ta ce kaf garin nan ita kaɗai ce ke da 'yan mata huɗu tana bin awaki da ƙafarta.

Masu jakuna suka sa masa suna Baban Hadari. In ya zo wucewa ta rumfar shayi sai wani ya ɗaga murya.

"Baban Hadari! Yau me sama ta ce?"

"Ta ce jakinka ya fi ka hankali," in ji shi, ko juyowa ba ya yi.

"To mu fito da laima ne?"

"Kai dai fito da kanka daga inuwa. Tun safe kake nan kamar an dasa ka."

Sai a yi dariya ya wuce. Mu yara mun ɗauka halinsa ne kawai. Sai da na zama mutum mahaifiyata Nofa ta gaya mini dalili. Ita ma ji ta yi, don tana jaririya lokacin da abin ya faru.

A haihuwa, tsakaninsa da ita akwai wata yarinya, sunanta Tarfa. Yana da shekara goma sha ɗaya, ita tara, su ne ke kiwon awakin gidan. Wata rana a ƙarshen sanyi, da hantsi, suka duba suka ga babu wani baƙin ɗan akuya mai farin goshi. Muflih ya ji ƙyuya. Ya ce mata ta gangara Siyyag ta nemo shi, in kuwa ta dawo hannu biyu sai ta sha duka. Ta murguɗa baki ta tafi. Shi kuwa ya sami inuwar dutse ya miƙe, barci ya ɗauke shi.

Ƙara ce ta tashe shi bayan azahar. A inda yake ko ɗigon ruwa bai sauka ba, yayyafi ma sai daga baya. A can gabas aka yi ruwan, ya taru, ya biyo kwazazzabai ya sauko da ƙarfinsa, ja wur, yana mirgino duwatsu da itatuwa. Ya tsaya a kan tudu yana kallon Siyyag ya cika har wuya. Ya yi ta kiran sunanta, ko shi kansa ba ya jin muryarsa.

Kwana tara maza suna bin kwarin, tun daga bakinsa har inda ya buɗe a cikin rairayin Araba. Sun sami matattun awaki, sun sami sirdin raƙumi, sun sami tukunyar wani. Ba su sami Tarfa ba, ba su sami ɗan akuyar ba, ko ƙyallen rigarta.

Da aka tambaye shi bai ɓoye ba, ya ce shi ya aike ta. Kakana ya ce Allah ne ya ƙaddara, kada kowa ya sake tayar da maganar. Kakata Rif'a ba ta doke shi ba, ba ta zage shi ba. Sunansa kawai ta daina kira. Tun daga ranar ya koma "kai", in ba ya nan kuma "wancan". Tana zuba masa abinci, tana ɗinke masa riga, ita ta nemo masa Wadha da kanta, amma sunan bai sake fitowa daga bakinta ba har shekara talatin da ta ƙara a duniya.

Da aka zo kwashe mutane, ita ce ta ƙarshe a layinsu. Ta ce in yarinya ta dawo ta tarar da kogo wayam, wa zai nuna mata hanya? Aka lallashe ta, aka kawo limami, da ƙyar ta hau tudu. Amma kullum da safe sai ta koma. Kawu ne ke ɗora ta a jaki kafin ya fara aiki, ya gangara da ita, ya shimfiɗa mata buzu a bakin kogon, ya ajiye mata gurasa da butar shayi, la'asar ya dawo ya ɗauke ta. Na sha bin su ina ƙarami. Tafiyar sa'a guda, ba mai cewa uffan, sai ƙarar kofaton jaki. Baƙi in sun gan ta zaune cikin baƙaƙen kaya sai su tsaya su ɗauke ta hoto. Ba ta hana su. 'Ya'yansu mata kawai take bi da kallo har su ɓace.

Bayan ta rasu ne na gama makaranta, na sami takardar jagoran baƙi. Shi kuma gwiwoyi suka fara ba shi wahala, matakalar Dair ta gagare shi, ya rabu da jakunan. Zaman gida ba zai iya ba, sai na ce ya riƙa bi na. Ayari in ya yi yawa dole a sami mai bin baya, don kullum akwai wanda zai tsaya ɗaukar hoto ko ya shige wani kogo ya manta da kansa. Ni ina gaba ina surutu, shi yana can baya da sandarsa yana kora su kamar garke. A kowace kwana sai ya ƙirga su, leɓensa na motsi. Shekara goma sha ɗaya muna haka, ba mu taɓa barin mutum ɗaya a baya ba. Shi ma Kawu yake ce mini, yadda manyanmu ke mayar wa yaro da sunan da yake kiransu.

"Kawu, rage surutun nan," zai ce. "Mai jar hular can tun ɗazu ƙishi take ji, kai kana ta ba su labarin matattu."

Ayarin da nake son ba da labarinsa ya zo ne cikin watan Maris. Mutum ashirin da uku, 'yan ƙasar Holan, yawancinsu tsofaffi. A cikinsu akwai wata mai suna Madam Marika, doguwa, gashinta fari fat an datse shi, tana dogara sanduna biyu. Tun a cikin Sik, tsagin dutsen da ake bi a shiga, na lura da ita. Da muka ɓullo gaban Hazna, katafaren ginin da aka sassaƙa a jikin dutse, kowa ya ɗaga kai yana salati irin nasu, ana ta ɗaukar hoto, ita ko kallon ginin ba ta yi ba. Matan da ke sayar da tsakiya da gyale take bi ɗaya bayan ɗaya tana leƙa fuskarsu, musamman tsofaffin. Har wata ta ce mini, "Ɗan Nofa, wannan baƙuwar taka lafiya? Ko kishin kwallina take?"

Da rana ta take muka zauna hutawa a rumfar shayi kusa da titin ginshiƙai. Sai ta matso kusa da ni ta ciro ambulan daga jakarta. Ta ce ta taɓa zuwa nan sau ɗaya, shekara hamsin da uku da suka wuce, tana amarya. Ta ce akwai wadda take nema, ko na san wanda zai gane ta.

Hoto ne, launinsa ya koɗe ya koma ruwan ƙasa. Yarinya ce daga ƙugu zuwa sama, kitso biyu, shuɗin dutsen ado ɗaure a gashin goshinta, tana dariya da giɓin haƙori. Ta saɓo ɗan akuya a wuya, ta riƙe ƙafafunsa da hannu biyu. Baƙi ne, mai farin goshi.

Wallahi ban kawo komai a raina ba. Irin waɗannan hotunan ana kawo mana su, wani ya gane kakarsa a yi ta dariya. Na ce bari mu nuna wa dattijo. Kawu yana gefe a kan dutse da kofin shayinsa. Na miƙa masa.

Ya nesanta hoton da idonsa, don ganinsa na kusa ya yi rauni. Ya daɗe. Sai ya ajiye kofin a ƙasa a hankali, ya goge hannunsa a riga, ya sake riƙe hoton da hannu biyu.

"Ta same shi," ya ce.

"Wa, Kawu?"

"Ta same shi. Ga shi nan a wuyanta."

Sai a lokacin na gane ko wace ce. A gidanmu babu hoton Tarfa, ba a taɓa yi ba. Mahaifiyata ba ta san kamanninta ba.

"Tambaye ta a ina," in ji shi. Muryarsa ba ta rawa, amma ban taɓa jin ta haka ba.

Na zama tafinta. Madam Marika ta zauna a gabansa ta ba da labari, ina juyawa. Ta ce ita da mijinta sun saɓe daga ayarinsu, suna son su kaɗaita, suka hau wani tudu ta arewa suka rasa hanyar komawa. Suna cikin dawurwura sai ga yarinyar nan ta ɓullo daga bayan dutse da ɗan akuyarta. Suka yi mata nuni da hannu, suka kwaikwayi ƙarar mota. Ta gane, ta yi dariya, ta yafuto su. Ba ta Sik ta bi da su ba, ta wani matsattsen kwazazzabo mai duhu ta bi, inda wani wurin sai an karkace ake wucewa, daga ƙarshe aka shiga wani dogon rami da aka fafe a dutse, suka ɓullo kusa da inda dawakai ke jira.

"Mudlim," in ji Kawu, tun ban gama ba.

Duk ɗan garinmu ya san Mudlim. Ta nan aka karkatar da ruwa don kada ya shiga Sik ya ci baƙi. In an yi ruwa a gabas, nan yake fara bi. Kuma yana arewa, Siyyag yana yamma. Ba wanda ya taɓa tunanin ya leƙa can.

Ta ce da suka fito iska ta fara kaɗawa, sama ta yi duhu ta gefe ɗaya. Ta kwance ɗankwalinta mai ruwan ɗorawa ta ɗaura wa yarinyar a wuya. Ta yi mata nuni ta tsaya, ta zauna da su, yarinyar ta girgiza kai, ta nuna cikin dutse, ta juya ta koma ta inda suka fito. Suna cikin mota ana jiran sauran mutane aka tsuge da ruwa. Ba a fi rabin sa'a ba suka ji ƙarar. Ta ce ta kama hannun jagoransu ta gaya masa akwai yarinya a cikin ramin nan. Ya ce kada ta damu, 'ya'yan makiyaya sun fi kowa sanin duwatsun nan, tuni ta hau sama. Mijinta ma ya ce haka ne. Mota ta tashi.

"Mijina ya rasu bara," ta ce. "Shi ya yarda da maganar mutumin, ko dai ya nuna ya yarda. Ni ban taɓa yarda ba. Na haifi 'ya'ya mata biyu, kowace ta kai shekara tara sai in kasa barci." Ta dube ni, ta dubi Kawu. "Ya san ta, ko? Ka tambaye shi. Ta isa gida?"

Na juya wajen Kawu na yi ƙasa da murya, ko da yake ba ta jin Larabci.

"Kawu, tana tambaya ko ta isa gida. Tsohuwa ce, ga hanya mai nisa. In ce mata ta isa? In ce ta yi aure ta haihu, ta rasu shekarun baya?"

Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba.

"A kan Tarfa za ka yi ƙarya? Gaya mata yadda aka yi. Ka ce mata ni yayanta ne, ni na aike ta."

Na gaya mata. Ba ta yi kuka nan take ba. Sandunanta ne suka zame suka faɗi, ta dafa ƙasa da tafin hannu kamar wadda jiri ya ɗiba. Wani cikin 'yan ayarin ya taso, na yi masa hannu ya koma. Kawu ya karɓi kofi wajen mai shayi, ya zuba sukari da yawa, ya sa mata a hannu ya riƙe har ta kurɓa.

"Tambaye ta, Tarfa ta yi magana a hanya? Me ta ce?"

Madam Marika ta share fuska. Ta ce yarinyar ba ta yi shiru ba tun daga farko har ƙarshe, tana ta zuba, su ba sa jin ko kalma. Abu ɗaya ta riƙe, sunan ɗan akuyar. Ta ce yarinyar ta yi ta jan kunnensa tana faɗa tana ƙyalƙyala dariya, har su ma suka koya suna maimaitawa.

"Muflih," in ji ta, da irin harshensu. "Sunansa Muflih."

Wannan bai buƙaci tafinta ba. Kawu ya buɗe baki, sai wata irin dariya ta kuɓuce masa.

"Ja'ira," ya ce. "Ja'irar yarinya. Akuya ta sa wa sunana."

Sai ya ja gefen rawaninsa ya rufe fuska, kafaɗunsa suna girgiza. Na gaya wa matar sunan wane ne. Masu jakunan da ke rumfar, waɗanda suka saba tsokanarsa, kowa ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa.

Da ya natsu ya miƙe ya ari jakin wani. Ya ce in gaya mata zai kai ta ta ga inda yarinyar take kwana. Na ce to wa zai yi musu tafinta, ga mutum ashirin da biyu suna jirana in kai su Dair? Ya ce in tafi abina. Ya ɗora ta, ya miƙa mata sandunanta, ya ja akala suka gangara.

Abin da ya gudana a kogon ban sani ba. Shi ba Turanci, ita ba Larabci. Sa'a biyu suka yi. Mun sauko daga Dair ni kaɗai nake gaba nake baya, mun fita, kowa ya shiga mota, direba yana ta danna oda, sannan suka ɓullo. Idanunta sun kumbura, gwiwoyin wandonta duk toka. Ta sauka ta riƙe hannunsa da hannu biyu, shi da ba ya gaisawa da mata bai janye ba. Hoton yana cikin aljihun ƙirjinsa. Na tambaye shi daga baya me suka yi, ya ce zama suka yi.

Da la'asar ɗin nan bai wuce gida ba, gidanmu ya fara zuwa. Mahaifiyata tana tsakar gida tana murza gurasa. Ya tsuguna ya nuna mata.

"Nofa, ga yayarki."

Ta ƙi taɓawa saboda gari a hannunta. Ta yi ta kallo, ta ce, "Ashe fara ce. Inna ta ce mini baƙa ce kamar kai." Sai ta ce a kira mata 'ya'yanta duka su zo su gani. Kafin magariba rabin garin ya ratsa tsakar gidanmu. Tsofaffin da suka yi neman kwana taran nan saura biyu, aka kawo su, ɗaya ya yi ta maimaitawa, "Mudlim. Mudlim. Mun wuce bakinsa ya fi sau goma."

Washegari da safe ya tafi maƙabarta. Wadha ta ce ta hango shi daga kan soro, tsugune a gefen kabarin kakata, yana magana yana nuni da hannu wajen arewa, kamar mai kwatanta wa baƙo hanya.

Mun zaci abin zai sauƙaƙa masa. Wadha da kanta ta ce masa, "To ka ji, Baban Salma. Ba a Siyyag ta mutu ba, ba aikenka ya kashe ta ba. Ta sami akuyar tun da wuri, taimako ta tsaya yi. Ka sauke wannan kayan haka nan." Ya ce ya ji. Amma bayan mako guda ya ce mini in nemi wani mai bin baya. Ya fara shiga Mudlim.

Kullum bayan sallar asuba in gari ya yi haske sai ya ɗauki sanda da ɗan ƙaramin magirbi da gorar ruwa. Mutumin da matakala ta gagara, shi ne ke rarrafe a kan duwatsu masu santsi, yana tona yashin da ya taru a kowane rami, yana cusa hannu a kowane tsagi. Na ce masa shekara hamsin da uku, Kawu, ruwa nawa ya bi ta nan? Ya ce ruwa yana ɗauka, yana kuma ajiyewa. Abubuwan da yake dawowa da su ya jera a bayan ɗakinsa: murfin kamara, takalmin baƙo ƙafa ɗaya, fasassun tukwanen mutanen dā, ƙasusuwan awaki. Duk ƙyallen da ya tono sai ya wanke shi ya shanya ya ga ko ruwan ɗorawa ne.

Sau ɗaya na bi shi, don Wadha ta roƙe ni. Ko da tsakar rana wurin duhu ne, ga sanyi, sama ba ta wuce faɗin ɗamara ba. Mun kai wani wuri da bango biyu suka kusa haɗewa sai ya ɗaga hannu.

"Ji."

Na kasa kunne. Kukan ɗan akuya ne, siriri, sau biyu, ban iya cewa daga gaba yake ko daga baya ba.

"Kullum a nan," ya ce.

Na ce akwai masu kiwo a saman dutsen, murya tana gangarowa. Ya ce haka ne, akwai su. Da muka fito na zagaya na hau saman don in gani. Na ga kashin awaki busasshe, ban ga garke ba. Mai yiwuwa sun riga sun wuce. Ban sake binsa ba.

Shekara biyu ya yi yana haka. A sanyi na biyu tari ya kama shi, ya kwanta, aka kai shi asibiti aka dawo da shi, ƙafafunsa suka kumbura. Yana kwance ne wasiƙa ta zo mini ta ofishin da nake wa aiki. 'Yar Madam Marika ce ta rubuto. Ta ce mahaifiyarta ta rasu, kuma suna kwashe kayanta suka sami wani hoton a cikin na mahaifinsu, wanda ita kanta ba ta san ya ɗauka ba. Suka ga ya kamata ya zo inda ɗan'uwansa yake.

Na yi kwana biyu ina shawara, sannan na kai masa. Ɗakin ba kowa, Wadha ta shiga maƙwabta. Na tayar da shi zaune na jingina shi da matashi.

Daga nesa aka ɗauki wannan. Ga bakin ramin, baƙi, ga Tarfa tsaye a gabansa gaba ɗayanta, ta ba da baya ta waiwayo, ɗan akuya a wuya, ɗankwalin yana kaɗawa. Ya kai hoton wajen hasken taga. Ba fuskar ya tsaya kallo ba. Ya sa babban yatsansa a ƙasan hoton ya bar shi a nan.

"Kawu," ya ce mini, "me ka gani a ƙafarta?"

Na duba. "Ba komai."

"Ba komai," ya ce. "Takalmi gare ta, na tayar mota, Baba ya yanka mana ni da ita. Da safen nan igiyar nawa ta tsinke. Na ce ta ba ni nata. Ta ce ba za su shige ni ba, na murɗe mata hannu na karɓa. Da su na kwanta barci. Da su na koma gida." Ya yi tari ya huta. "Inna ta gan su a ƙafata. Ba ta ce komai ba, amma ta gani. Ban taɓa gaya wa kowa ba, har Wadha."

Na ce yaran lokacin ai duk ba takalmi suke yawo, ƙafarsu ta fi fata tauri. Na ce ruwan Mudlim ko mai doki ba ya tsere masa.

"Akwai wurin hawa a tsakiya," ya ce. "Ta hannun dama. Na gwada shi. Dutsen yana da kaifi kamar wuƙa. Da takalmi na hau, da tsufana. Na cire na gwada, ban iya ba."

Ya miƙo mini hoton ya ce in ajiye a wurina, kada in nuna wa Nofa, ita na dariyar ya ishe ta. Ya ce in gyara masa matashin, zai kwanta.

Bayan kwana goma sha shida ya rasu, ranar Talata da hantsi, 'ya'yansa huɗu suna kansa. Masu jakuna suka bar aiki ranar, suka hau tudu da dabbobinsu suka ɗaure su a bakin maƙabarta. Da aka zo haƙa, mahaifiyata ta aiko daga cikin gida cewa a sa shi kusa da Inna, kada a bar wuri a tsakani. Mai haƙan ya ce ƙasar wajen dutse ce, za a sha wuya. Ta ce a sha. Sai bayan la'asar aka gama.